Tuƙin Baba a Talabijin

Mahaifina direban tirela ne. Shanu yake ɗauka daga kasuwar Potiskum ya kai kudu, ya dawo da katako ko goro, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya zauna a gida ya huta ba. Sai shekarar da motar ta kife da shi a hanyar dawowa, aka yanke masa ƙafar dama daga gwiwa. Lokacin ina ƙaramar sakandare, a tsakiyar shekarun casa'in.

Da aka sallamo shi daga asibiti, a falonmu na unguwar Dogo Nini aka shimfiɗa masa katifa. Da farko abokansa direbobi suna zuwa, su cika ɗakin da hira da dariya. A hankali suka ɗauke ƙafa, kowa yana kan hanya. Baba ya daina magana. Yini yake yi fuskarsa na kallon bango, in Inna ta kawo abinci ya ce a ajiye, in ta dawo ta tarar da shi yadda ta bari.

Ana cikin haka kawunmu, ƙanin Inna da ke kasuwanci a Kano, ya zo dubiya ya kawo wa ƙanena gem, irin wanda ake jonawa a talabijin. 'Yar akwati ce ruwan toka, da hannaye biyu masu waya da kaset rawaya. A jikin kaset ɗin an ce wasanni ba iyaka, amma 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa. Tun da talabijin ɗinmu a falo take, dole a gefen katifar Baba muke zama mu buga, mun rage murya.

Wata rana bayan la'asar ƙanena yana wasan tseren mota, ya shiga kwana a guje ya maka wa wata mota. Sai muka ji murya a bayanmu.

"Kai, wa ya koya maka shiga kwana da wannan gudun?"

Muka waiga. Baba ne, ya juyo, ya dogara da gwiwar hannu.

"Baba, ai tsere ne," in ji ƙanena.

"Don tsere ne sai ka kashe mutane? Miƙo nan."

Ni na nuna masa maɓallin gudu da na birki. Yatsunsa manya ne, sun yi kanta, sai ya danna biyu a tare. Da ya gane kan abin, ya hau titi ya kama hannunsa, yana tafe a tsanake. Motoci suna ta wuce shi fuu, bai kula ba. Ba ya wuce kowa a kwana. Can lokaci ya ƙare, motar ta tsaya, rubutu ya fito.

"Me suka ce, Uwata?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Sun ce ka faɗi, Baba."

"Na taɓa wani?"

"A'a."

"To, ban faɗi ba. Sake mini."

Ƙanena bai daɗe ba ya gaji da wannan tuƙi, ya koma ƙwallo a waje. Ni na zama abokiyar tafiyar Baba. Ina dawowa daga makaranta abin da zai fara tambaya shi ne ko an kawo wuta. In kaset ya ƙi kamawa sai in cire in hura, in mayar. Yana tuƙi yana ba ni labarin hanya: inda ake sauka a ba shanu ruwa, gangaren da ba a yarda da birki a kansa sai giya, garin da tuwonsu ba ya ciyuwa. Ya fara cinye abincinsa. Har ya sa aka kira wanzami ya yi masa aski.

Akwai abin da na gani ban faɗa wa kowa ba sai yau. Duk lokacin da mota ta taso masa a gaba, zanen da ya rufe dungulmin ƙafarsa sai ya motsa. Birki yake nema da ƙafar da babu. Nakan kawar da kai in zuba wa talabijin ido.

A ajinmu yara maza suna gardamar gem ɗin wa ya fi kyan hoto, na wa ya fi yawan wasa. Ban taɓa sa musu baki ba. Namu hotonsa rawa yake yi, hannu ɗaya ma sai an murɗa wayarsa yake aiki, amma saboda shi mahaifina yake tashi zaune.

Farkon damina, da rana tsaka, wuta ta zo da ƙarfi. Ƙwan lantarkin falo ya yi haske ya fashe, muka ji ƙaurin roba. Mai gyaran rediyo na unguwarmu ya buɗe gem ɗin ya girgiza kai, ya ce cikinsa ya ƙone. Inna ta aika wa Kawu, ya ce in ya tashi zuwa zai taho da wani.

Baba bai yi ƙorafi ba. Ya dai koma kallon bango. Bayan 'yan makonni ya ce wa Inna a kai shi ƙauyen Mamudo, gidansu na gado, wajen yayansa.

"Malam, me muka yi maka?" ta tambaye shi.

"Ba ku yi mini komai ba. Ƙarar tirelolin nan ce ba na son ji."

Inna ta riƙa kai da kawo tsakanin gidajen biyu, mu kuma muna zuwa ranar Juma'a. Mukan same shi a zaure yana kallon gonar gero. In na ce Kawu ya kusa zuwa, sai ya ce, "Allah ya kawo shi lafiya." Bayan an yi girbi zazzaɓi ya kama shi, bai tashi ba.

Kawu ya cika alkawari, da ya zo ta'aziyya sabon gem yana cikin jakarsa. Sai da aka share makoki ƙanena ya jona shi. Da ƙarar motar nan ta tashi, Inna ta fito daga madafa hannunta duk gari, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ku kai shi maƙwabta," ta ce. "In za ku yi, ku yi a can."

Ƙanena ya naɗe wayoyin ya fita da shi. Ni ban bi shi ba.