Pandan da Ya Sha Zazzaɓin Tsoho Pu

Duk wanda ya taɓa ajiye keke a bakin tsohuwar kasuwar kayan miya ta unguwarmu a birnin Chengdu na ƙasar Sin ya san Pu Dehai. Shi ne mai jan ƙyalle a dantse, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gadin kekunan mutane yana hura musu usur. Da kekuna suka ragu, gwiwoyinsa kuma suka fara ƙara, sai ya yi ritaya ya shiga neman abin da zai yi wa gadi. Bai sha wuya ba ya samu: sulallan azurfa masu hoton panda, ƙatuwar dabbar nan mai baƙi da fari, waɗanda ake bugawa kowace shekara da sabon zane.

Tun daga nan gidan ya canja. Kowane sule yana kulle cikin ɗan kwanson roba mai garai-garai, kwanson cikin akwati, akwatin cikin kabad. Kafin Tsoho Pu ya buɗe sai ya sa farar safar hannu, ya ɗaura takunkumi, ya rufe taga, ya hana soya barkono. A yankinmu na Sichuan fa, gidan yaji, mutum ya hana soya barkono!

"Wannan dabba taskar ƙasa ce," yakan gaya wa matarsa, Ran Guizhen, ta cikin takunkumi. "Alamar zaman lafiya ce. Ita muke aikawa ƙasashen waje aro ta ƙulla mana zumunci."

"Dabbar da ba ta da aiki sai ci da kwanciya? Ai ina da irinta a gida, tsoho. Don dai ba wanda ya zo aro ne."

"Ke ba ki san darajar abu ba."

"Kuma wannan naka ma ba panda ba ne. Ina baƙin? Fari fat, kamar alade ya yi wanka."

Sai ya hau bayani, wai azurfa ba ta da baƙi, don haka masu zane ke goge wani wuri ya yi ƙyalli, su bar wani wuri dishi-dishi, ido ya cike sauran. Ita kuwa tuni ta koma kan awararta.

Abin da ke hana Tsoho Pu sukuni kujera ce. A gidan shayin bakin kogi, inda tsofaffi masu tara sulallan panda ke haɗuwa, akwai wata kujerar gora mai matashi, a jikin murhu, bayanta ga iska. Wanda sulensa ya fi na kowa tsabta a taron shekara shi ke zama a kanta, shi ake fara zuba wa shayi, shi mai sakace kunne ke fara zuwa wurinsa. Shekara da shekaru Yong Shoucai ne a kai, wani tsohon direban bas mai ƙaton ciki, har matashin ya ɗauki siffar mazaunansa. Tsoho Pu kuwa yana can bakin ƙofa a kan benci, inda duk mai wucewa sai ya taka masa ƙafa.

A bana ya rantse sai ya hau. Ya samo wani sule a wurin dillali, uwar panda rungume da ɗanta, ba ƙwarzane, ba tabo, ko numfashi bai taɓa sauka a kansa ba. Kuɗinsa ba su kai ba, sai ya cika da tsohon zoben azurfar da Guizhen ta gada daga uwarta, wanda ke kwance cikin kofi a kicin. A ganinsa zoben ya yi baƙi, ba mai sa shi, an huta. Da ta gano, ba ta yi faɗa ba. Kallonsa kawai ta yi, ta ƙara barkono a miya.

Ana gobe taro zazzaɓi ya kayar da shi. Ya kwanta da rana tsaka yana rawar ɗari, hanci na zuba, yana nishi yana kiran sunan Yong kamar shi ya turo masa.

"Iska ce ta shige ka," in ji Guizhen. "Kwanta rub da ciki."

Ta yi abin da uwarta ke yi, da uwar uwarta. Ta dafa ƙwai, ta ɓare, ta cire gwaiduwa, ta cusa azurfa cikin farin, ta naɗe a hankici, ta shiga mirgina masa da zafinsa a goshi, a wuya, a gadon baya. Azurfa ce ke tsotso ciwon, kowa ya sani, shi ya sa take fitowa baƙa.

"Wash, tsohuwa, nan, nan. Ƙasa kaɗan. Kai, hannunki magani ne."

"Yi shiru, ka bari ya ja."

Ƙwan ya huce ta sake wani. Tsoho Pu ya yi gumi sharkaf, kansa ya washe, har ya fara tunanin taliya. Sai wani tunanin ya biyo baya, a hankali, kamar bas ɗin Yong a kan tudu.

"Tsohuwa. Da wace azurfar kike mirgina ni?"

"Da zoben uwata mana. Ba shi ka mayar panda ba?"

Ta warware hankicin. Ga uwar panda da ɗanta cikin ɓarɓashin ƙwai, sun yi shuɗi, sun yi ruwan hanta, gefe ya yi baƙi ƙirin. A kan tebur kuma ga kwanson roba, an ɓalle shi da wuƙar yankan tafarnuwa.

"Ka gani? Yanzu ya yi kama da panda."

Tsoho Pu ya dafe kai. Ya so ya suma, sai dai jikinsa ya yi daɗin da suman ya ƙi zuwa.

Da safe ya yi niyyar ƙin zuwa, amma ya riga ya cika wa unguwa baki. Ya mayar da sulen cikin kwanso, ya shirya ƙaryarsa a hanya: zai ce launin tsufa ne, irin wanda manyan masu tarawa ke nema ido rufe.

Tsofaffi sun kewaye tebur, kowa da safar hannu. Yong ya baje a kujera yana ɓare 'ya'yan kabewa.

"A'a, Shugaban Kekuna ya iso! Fito mana da amaryar, mu gani."

Tsoho Pu ya ajiye. Kowa ya miƙo wuya.

"Wannan launi," ya fara, "ba kowace azurfa ke..."

Yong ya kai kwanson hanci ya shinshina. Ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya shinshina. Ba wanda ke teburin nan da uwarsa ba ta taɓa danne shi ta mirgina masa ƙwai ba.

"Ɗan'uwa Pu," in ji Yong, murya ta sauka, "daga jikinka duk wannan ya fito?"

"Shuɗin nan sanyi ne," in ji wani, yana duba ta gilashi. "Ya kai ƙashi."

"Kai, sanyi ina? Dubi jan da ke kunnen uwar. Zafi ne a hanta."

"Baƙin fa? Kawuna azurfarsa ba ta kai haka baƙi ba, kuma bai ga sabuwar shekara ba."

Aka manta da gasar. Wannan ya kama masa hannu yana jin bugun jini, wancan ya ce ya fito da harshe. Mai gidan shayi ya kawo ruwan citta kyauta. Yong ya yunƙura, kujera ta yi ƙara, ya miƙe, idonsa jawur.

"Mutum a wannan hali muka bari a bakin ƙofa? Zo nan, ɗan'uwa. Zauna kusa da wuta. Muddin kana tare da mu, kujerar taka ce."

Tsoho Pu ya so ya ce ya warke sarai, da safen nan ma kwano biyu na taliya ya share. Ya dubi matashin. Ya dubi bencin. Sai ya yi tari, ya zauna.

Yana nan a kai har yau. Shi ake fara zuba wa shayi, ana ɓare masa gyaɗa, ana lulluɓe masa gwiwa. Aikinsa kawai ya riƙa tari lokaci-lokaci, musamman in ya ga Yong na ƙare masa kallo, don kumatunsa sun fara cika fiye da yadda ya dace da mai jiran ajali. Abokan sun hana shi taɓa barkono, sai a ɓoye yake roƙon Guizhen ta soya masa.

Ita kuwa ta riƙe sulen, yana cikin kofi a kicin, a gurbin zoben. Maƙwabta na zuwa aro in mura ta shigo gida. Ranar nan ta biyo ta gidan shayi da kwandon cefane, ta tsaya tana kallon mijinta a kishingiɗe, ana ciyar da shi, yana lumshe ido.

"Taskar ƙasa," ta ce, "in an gama kallonka ka taho mini da albasa."