Baba Yana Son a Kai Shi Gida

Mahaifina aikin safiyo, wato awon filaye, ya yi har ya yi ritaya. Idan kuna tafiya a mota yakan nuna wata katanga ya ce, "Mai gidan nan ya ci taku uku na hanya." Gidanmu na Nassarawa GRA ma da kansa ya auna filin.

Abin ya faro ne daga wata faɗuwa da ya yi a banɗaki. Bakinsa ya ɗan karkace na kwana biyu, sannan ya koma daidai. Dama yana da hawan jini, kuma shan magani sai ranar da ya ga dama. Muka ce gajiya ce. Lokacin ina aure a Giginyu, ina koyarwa a wata sakandare, kullum idan an tashi nakan biya in gaida iyayena.

Wata Litinin na tarar da shi a falo cikin babbar riga, tsohuwar jakar aikinsa a kan cinya. Hajiya, mahaifiyata, tana tsaye a ƙofar kicin, ta yi mini alama da ido.

Na ce, "Baba, unguwa za a je?"

Ya ce, "Ofis. Direba ne ya makara."

Ya fi shekara goma da barin ofis. Bayan wannan sai ya riƙa sallame La'asar ya sake tayarwa, ya ci abinci ya ce an bar shi da yunwa. Hajiya ta ce gigin tsufa ne, kakanta ma haka ya yi. Baffa, ƙanin Baba, ya ce sammu ne, ya kawo malami aka yi ruƙiyya. Ban hana ba. Amma da na ga babu sauyi, na kai shi asibiti.

Likitar ta ba shi takarda da fensir, ta ce, "Alhaji, zana mini agogo, ka sa ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma."

Na ji haushin tambayar, don mutumin nan taswirar unguwanni ya zana da hannunsa. Ya yi da'ira mai kyau. Sai ya cusa lambobin duka a gefe ɗaya, wasu a kan wasu, ya bar rabin agogon fili. Ya daɗe yana kallon takardar. Na san ya ga akwai kuskure, bai dai san inda yake ba. A hankali ya ajiye fensirin ya ce, "Bakin fensirin nan ba shi da kyau."

Da hoton ƙwaƙwalwa ya fito, likitar ta kira ni ni kaɗai. Ta ce wannan ba tsufa ba ne kawai, ciwo ne, kuma iri-iri ne. Akwai wanda ke shigowa sannu a hankali, mutum ya manta abin da aka yi ɗazu amma yana tuna ƙuruciyarsa. Wani kuma mai shi yakan ga mutane ko dabbobin da babu su, jikinsa yana sandarewa. Wani kuma halin mutum yake fara taɓawa, mai kunya ya koma faɗin duk abin da ya zo bakinsa.

Ta nuna mini wasu fararen ɗigo a hoton ta ce, "Na Alhaji daga jijiyoyin jini ne. Hawan jini ya toshe ƙananan hanyoyi, inda jini bai kai ba ya lalace. Za ki ga ya tsaya a wuri ɗaya na watanni, sannan rana ɗaya ya sake yin ƙasa."

Na ce, "Likita, zai warke?"

Ta ce, "Malama, abin da ya tafi ba ya dawowa. Za mu yi ƙoƙarin tsare abin da ya rage."

Haka kuwa aka yi. Muka tsare magani a kan lokaci, muka rage gishiri, na manna takardu a ƙofofi, na rubuta banɗaki, na rubuta ɗakin Baba. Wata biyar yana nan yadda yake, har na fara sa rai. Sai wata safiya ya tashi yana jan ƙafar hagu, kuma daga ranar ya fara kirana Yaya. Yayarsa ta rasu tun kafin a haife ni. Da farko nakan ce, "Baba, 'yarka ce." Sai ya ruɗe, ya yi ta ba ni haƙuri kamar ya yi wa baƙuwa laifi. Na daina gyara masa, na koma amsawa.

Kullum bayan La'asar sai ya ɗauki takalmansa ya ce, "Yaya, ki kai ni gida, Inna za ta yi faɗa." Idan an ce nan ne gidansa, ya dubi falon ya ce, "A'a, gidan mutane ne."

Wata Asabar na ce bari in gwada. Na sa shi a mota muka tafi Gawuna, inda aka haife shi. An rushe zauren gidansu, an yi shaguna, mai sayar da katin waya a ɗaya, tela a ɗaya. Na tsaya na ce, "Baba, ga gida mun zo."

Ya leƙa ta taga, ya dubi mutanen da ke wucewa. Can ya ce, "Kin ɓata hanya. Gaba ne."

Na yi gaba. Duk kwanar da ya nuna na bi, har muka kusa Kawaji, yana ta cewa saura kaɗan. Da na ji ya yi shiru na duba, sai na ga ya yi barci, hularsa ta zame. Na juya mota.

Hajiya na jiranmu a bakin get. Ta ce, "Ya gane wurin?"

Na girgiza kai. Muka kama shi mu biyu muka shigar da shi. A falo ya gaishe ta da ladabi, ya tambaye ta ko maigidan yana nan. Ta ce masa maigidan ya ɗan fita, ta je ta haɗo masa shayi.