Allurar Maulud a Aljihun Mota

Maulud mutumin wani ƙauye ne gabas da Maraɗi. Shekara goma sha ɗaya ya yi a Riyad. Bakwai yana sauke kwalaye a wani sito a unguwar Sulay, huɗu yana tuƙa motar kamfanin yana raba kaya shaguna. Tuƙin nan shi ne duk abin da ya samu a ƙasar nan, don bayansa ya riga ya gama dako, kuma ya sani.

Kowace Juma'a bayan masallaci yakan zo unguwar Jaradiya wurina, inda nake sayar da tuwo da fura. In dama masa, ya ja gwangwanin sukari ya ƙara da kansa.

"Inna, aikin ƙarfi nake yi."

"Ƙarfin zaman kujera? Tumbinka ya riga ka shigowa."

Daga baya tumbin ya tafi. Wuya ya fito, ƙishirwa ba ta barinsa, kafin ya gama kwano ya zaga sau biyu. Ashe shekara biyu ke nan ya san ciwon sukari ne, yana shan ƙwayar wani abokin ɗakinsa, bibbiyu, wai don ta fi saurin aiki. Na tasa shi gaba zuwa wurin Likita Kaltume, Bakanuwa, mai sayen fura a wurina. Na shiga tare da shi don na san halinsa, ko me aka faɗa "to" zai ce.

Ta duba takardar jini ta ce, "Malam Maulud, a bayan tumbinka akwai wasu 'yan halittu da ido ba ya gani. Aikinsu su yi ruwan da ke kwashe sukari daga jini. Naka sun galabaita. Aiki ya yi musu yawa har abin da suke yi yana fitowa a lalace, yana taruwa a cikinsu yana shaƙe su. Ƙwayar nan bulala ce, yalla-yalla, maza-maza, kawai take ce musu. Allura ce za ta karɓi aikin su huta."

Ya ce, "To."

Na ce, "Babu abin da zai warkar da su, 'yar nan?"

"Ana nema, Mama. Ana gwada maganin da zai sauƙaƙa musu wahalar, amma bai zo hannunmu ba. Waɗanda suka rage masa nake so mu tsirar." Ta miƙa masa allurai, ta ce a firiji ake ajiyewa, kada zafi ya taɓa su. Sau biyu ta faɗa, ina zaune.

To a masaukinsu na Sulay su goma sha huɗu ne, firiji ɗaya, kowa da robarsa da sunansa a jiki. Abin da ka sa da safe, kafin azahar mudir, wato shugaban aikinsu, ya ji labarinsa. Kuma Maulud ya ga yadda aka karɓe makulli daga wani direba ranar da aka ji yana allura, aka mayar da shi dako. Sai ya naɗe allurar a safa ya cusa a aljihun gaban mota. A watan Yuli. Motar da in ta yi awa biyu a rana ba ka iya taɓa sitiyarinta.

Wata uku yana soka wa kansa ruwan da ya riga ya mutu, safe da yamma, ba fashi. Ya daina ƙwayar. In na ga idonsa ya zurma, ya ce, "Inna, ina kan magani." Ni ma da wautata na yarda. Ban taɓa tambayarsa ina yake ajiyewa ba, ga firijina cike da nono.

Ran wata Talata da hantsi ya yi ta amai a bakin sito, ya hau mota duk da haka, ya faɗi a kan sitiyari ta je ta daki katanga. Kwana shida a asibiti. Masu gyaran motar suka tsinci safar suka kai wa mudir.

Da aka sallame shi muka koma wurin Likita Kaltume da allurar da aka tsinta, ta ɗaga ta ga ruwan ya yi gudaji. Ba ta yi faɗa ba, ni na yi.

"Maulud, ko jaki aka ba ajiya ya nemi inuwa."

"Tsoron makullin na ji, Inna."

Da aka sake gwaji ta ce 'yan halittun nan saura kaɗan, maganar hutu ta wuce, allura ce har ƙarshen ransa. Kamfanin bai ma mayar da shi dako ba. Suka ƙi sabunta masa iƙama, takardar zaman ƙasa, suka buga masa bizar fita.

Wani ɗan garinsu ya kai shi filin jirgi. Ni ban je ba, gwiwata ba ta kai can. A watan da ya wuce matarsa Haoua ta turo mini murya ta waya. Ta ce ba kullum ake samun allurar a Maraɗi ba, yini yake a kwance, kuma babban yatsansa na ƙafar dama ya fara baƙi.