Iyafis ɗin da ya sa Malam Bukar in'ina

Cikin shekarun da na yi ina kula da sauti a gidan rediyonmu na Mubi, ranar da ba ta fita daga raina ita ce jajibirin shirinmu na farko kai tsaye daga kasuwar Belel. Kafin lokacin, sai dai mu je ƙauye mu naɗo murya, mu dawo mu tace, a saka daga baya. Wannan karon ɗan kasuwa zai yi magana a Belel, mai shayi ya ji shi nan take a Nassarawo. Kowa a ofis ɗoki yake yi.

Ga wanda bai san aikin ba, kayan fita ba su da yawa. Akwai makirufo, da ƙaramar miksa mai batir wadda ke haɗa sauti, da wayar salula da ke kai shi situdiyo. Mai gabatarwa kuma dole ya sa iyafis, don ya ji yadda muryarsa ke fita, ya kuma ji umarnin situdiyo.

Madam Kuve, shugabar sashen shirye-shirye, ta taho mana daga Yola da iyafis mara igiya, irin mai bulutut, tare da 'yar na'urar da ake soka wa miksa don su haɗu. Hujjarta mai kyau ce, a cunkoson kasuwa igiya na iya sarƙewa da kayan wani. Ni ma da na saurari kiɗa da shi, sai da na jinjina kai.

Wanda zai gabatar da shirin shi ne Malam Bukar, babban mai gabatarwarmu, mutumin da ban taɓa jin ya yi tuntuɓen harshe a iska ba. Muka fito harabar ofis don gwaji. Ya sa iyafis, ya gyara hula, ya buɗe baki.

"Jama'a masu sau... saura... masu saurare..."

Ya tsaya. Ya sake, abin ya fi na farko muni. Gumi ya karyo masa.

"Malam, lafiya kuwa?" in ji Madam. "In jikin ba daɗi ka faɗa mini, gobe sai in tura wani."

Ya cire iyafis ɗin, ya jawo ni gindin mangwaro. "Zira, ƙanena, da haka ciwon yayana ya fara. Harshe ya yi nauyi, kafin wata ya zagayo ɓarin jiki ya shanye. In kuwa shi ne, ni da makirufo mun yi sallama."

Ina jin tausayinsa, amma kunnena na kan aikinsa. Duk wannan maganar ya yi ta tiryan-tiryan, ko harafi bai kuɓuce masa ba. Na karɓi iyafis ɗin na sa, na ɗauki makirufo na fara gaisuwa. Sai na ji muryata tana biyo ni a baya, kamar wani na kwaikwayona. Sunana ma da ƙyar na ƙarasa shi.

Bulutut yana ɗan jinkirta sauti kafin ya kai kunne. Mai jin kiɗa ba ruwansa da wannan. Amma mai magana in ya ji kansa a makare, baki yakan tsaya jiran kunne, sai harshe ya harɗe.

"Madam, don Allah gwada!" na ce.

Ta sa, ta fara karanta kanun labarai, ta maƙale a layin farko. Ta tuntsire da dariya har tana dafa mota. Malam Bukar kuwa ya ɗaga hannu sama yana hamdala. "Ku tafi kasuwar Mubi yanzun nan ku nemo mai igiya," in ji Madam. "Ku je da miksar, ku gwada a can."

Mai shagon da muka shiga Bafulatani ne, yana ganin Malam Bukar ya fara. "Babarbare, kunnen naku ma sai an auna shi kamar takalmi?"

"Kawo kaya, ɗan Fulani. Ina ka san sauti, in ba kukan saniya ba?"

Na farkon da ya miƙo na masu son kiɗa ne, yana ƙara wa sauti kauri, muryar Malam ta fito kamar daga cikin randa. Na biyu na wayar salula ne, mai makirufo a jiki da zobe baƙi uku a bakin filogi. Ramin miksarmu bai karɓe shi da kyau ba, sauti ya fito siriri, yana ɗaukewa in an taɓa. Na uku ba shi da kyan gani, ga doguwar igiya, zobensa biyu. Yana shiga ya zauna daram, murya ta fito yadda Allah ya yi ta. Muka canza robar kunnen zuwa babba, don ta toshe hayaniya.

Malam ya karanta talla a jikin kwali tun daga sama har ƙasa, a tsaye cikin shago, mutane na leƙe.

Washegari a Belel na zura igiyar ta cikin rigarsa, ta fito ta wuya. Babura na wucewa, dillalai na ihu. Situdiyo suka ba da alama, ya buɗe baki, gaisuwar ta zubo kamar ruwa. Ya tattauna da wata mai sayar da gyaɗa, da wani da ya tsallako da kaya daga Kamaru. Madam ta kira ni tana ihu: "Zira, kamar a ɗakin nan kuke!"

Ku da kuka shigo aikin yanzu, kada ku zaɓi iyafis don kyansa ko daɗin kiɗansa. Ku gwada shi a na'urar da zai yi aiki da ita, a kunnen wanda zai sa shi, kuma yana magana. Ku kuma sani, mai gabatarwa na ƙwarai in ya yi tuntuɓe, kansa yake fara zargi, ba ya zargin kaya. Zargin kaya aikinmu ne. In muka yi jinkiri, lafiyayyen mutum zai koma gida ya kwanta ciwon da ba shi da shi.