Ranar da Waya Ta Ce Ba Mu Je Bayan Dutse Ba

Ku 'yan matan da kuka shigo aikin rigakafi bana, ku ba ni kunnuwanku. Akwai wata Laraba da ko ruɗewar tsufa ta zo mini, ba na jin za ta ɗauke ta daga kaina. Damina ce, dawa ta kai ƙugu, a shekarar da aka fara haɗa mu da waya.

Ga wadda ba ta san tsarin ba, mu uku ake haɗawa. Akwai mai ɗiga wa yaro magani a baki ta shafa masa tawada a ƙaramin yatsa, lokacin Rabi ce. Akwai mai rubutu, Zulai. Sai dattijuwa, ni ke nan, mai yin sallama ta shiga gaba, don ba a cika rufe wa furfura ƙofa ba. Mai unguwarmu na Ƙofar Kibo ne ya ba da sunana, saboda ni ungozoma ce, kuma na san turbobin bayan gari tun ina bin gyatumata sayen man shanu. A samanmu akwai mai duba aiki, Malam Nura. Ita kuwa wayar, ba a kira da ita, ba ta amsawa. An ce sawunmu take bi tana kai wa ofis labari. Ban gane ba, ban kuma tambaya ba.

Da safe Malam Nura ya ce, "Yau rugar Bayan Dutse za ku. Ga waya. Ku riƙe ta kamar ƙwai, ko ɗigon ruwa kada ya taɓa ta."

A-daidaita ta sauke mu inda jar hanya ta ƙare, a gindin wata kuka. Daga nan sai ƙafa. Hanyar Bayan Dutse biyu ce, ta rani da ta damina. Ta rani a miƙe take, ka taka yashin rafi ka wuce. Da damina kuwa rafin nan ko saniya tana shakkarsa. Sai ka bi burtali, ka gangara kwari, ka ratsa fadama kana sa ƙafa inda shanu suka sa, ka haura falalen dutse, ka zagaya ta bayan tsauni, sannan ka hango bukkoki.

Muna bakin kwari hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Zulai ta ce, "Iya, jakata yoyo take yi. Wayar nan fa?"

Na ce ta kawo. Akwai langar da na zubo mana dambu a ciki, mun riga mun cinye. Na goge ta tas, na shimfiɗa ƙyalle, na kwantar da wayar, na rufe murfi ruf, na naɗe da ɗankwali na ɗora a ka. Na ce a raina, amana ta samu ɗaki.

Ruwa ya yi mana dukan kawo wuƙa. A kan dutse na sa su cire takalma, don gansakuka ba ruwanta da mai boko. Muka isa muna ɗigar da ruwa. Dije, matar arɗon rugar, ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo kindirmo, ta tattaro yara. Babu wanda muka bari ba a ɗiga masa ba. Sai da muka dawo gindin kuka, gari ya washe, sannan na buɗe langa. Waya a bushe ƙayau. Na miƙa wa Zulai ina jin kaina.

Bayan la'asar ake taron duba aiki a asibitin unguwa. Malam Nura na zaune gaban kwamfuta. Bai ɗago kai ba ya ce, "Iya, ina kuka je yau?"

"Inda ka aike mu."

"Ba ku je ba."

Ya juyo mini da fuskar abin. Ɗige-ɗige ne kamar jerin tururuwa. Suka taho, suka taho, a bakin kwari suka yanke. Babu komai, babu komai, sai ga su kuma a gindin kuka. Ya ce, "Tsakanin nan da nan ba kwa ko'ina. Kashe ta kuka yi, kuka fake wa ruwa, kuka cika takarda."

Rabi ta fashe da kuka. Ni kuwa kaina ya ɗaure tamau. Na ce, "Malam, ita wayar ce ta faɗa maka da bakinta?"

"Ba ta da baki, Iya, amma ba ta ƙarya."

"To, ni ce mai yi ke nan?"

Sai ya karanta mana doka: duk rukunin da sawunsa ya ɓata za a cire shi, a kuma sanar da mai unguwa dalili. Cirewar ba ta dame ni kamar dalilin ba. Rabin matan Ƙofar Kibo a hannuna suka haihu. A ce gobe su ji Iya ta rantse ta je inda ba ta je ba, wace mai naƙuda za ta ƙara aiko mini?

Na yi ta juya abin. Ko mutanen ɓoye na tsaunin ne suka lulluɓe mu? Ko barci ya kwashe wayar? Ko ƙanshin dambu ne ba ta so? Ga laka har gwiwa a zanena, ga ɗanɗanon kindirmo bai bar bakina ba, amma an ce ba na ko'ina. Da na rasa bakin zaren sai na ce, "Ɗan nan, gobe ka sa takalmin da ba ka so. Gani ya kori ji."

Alhamis muka kama hanya, ni da shi da Rabi, yana riƙe da wayar a hannu. A fadama laka ta ƙwace masa takalmi ɗaya, sai da Rabi ta zaƙulo da sanda. Sau uku yana tambaya, "Iya, da saura?" Sau uku ina cewa, "Ga shi nan, bayan dutsen nan ne."

Ya ce, "Wai bayan duwatsu nawa ne?"

Muna tsakiyar falalen dutse yayyafi ya fara. Na sauke ƙunshina na fito da langa. "Kawo wayar, Malam, in adana maka kamar jiya."

Ya tsaya cak. "Kamar jiya? Iya, a cikin wannan kika sa ta?"

"Na rufe ruf. Ko ɗigo bai taɓa ta ba."

Mutumin nan ya zauna a kan jiƙaƙƙen dutse ya yi ta dariya har da hawaye. Da ya samu numfashi ya ce wai akwai wasu taurari da aka harba sama, da su wayar ke magana, kuma sai tana ganin sama. In aka rufe ta a ƙarfe ta makance.

Na ce, "Tsaya. Ruwa kada ya taɓa ta, amma ta riƙa ganin sama? Shi ruwan daga ina yake zuwa, Malam?"

Ya sosa ƙeya. "A leda ake sawa, Iya."

"Ka ce leda jiya?"

"Ban ce ba."

Ya miƙe ya ce mu koma, magana ta ƙare, ya gane. Na ce a'a. Ba langa ya tuhuma ba, ni ya tuhuma, kuma a gaban mutane. Sai ya ga yatsun yara. Muka ƙarasa. Dije na hango mu ta dafe ƙirji, "Inna, lafiya? Maganin jiya bai kama ba ne?" Yara suka yanyame shi, kowa na ɗaga ɗan yatsa mai tawada yana so a gani. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya durƙusa a gabana cikin kashin shanu ya ce, "Iya, ki yafe mini." Na ce na yafe, amma ya maimaita a inda ya faɗi ta farko. Da la'asar ya maimaita a gaban kowa, kuma babu takardar da ta je wa mai unguwa.

Abu ɗaya ne har yau ban warware ba. Malam Nura ya ce ofis ba ya karɓar komai sai abin da waya ta gani. Don haka a wurinsu ranar Alhamis aka yi wa yaran Bayan Dutse rigakafi, ranar da ko kwalba ba mu ɗauka ba. Ranar da muka yi aikin kuwa, mu uku ba ma duniya.

To, 'ya'yana, na sama da mu a aikin nan ba mugaye ba ne. Abin da aka nuna musu suka sani, shi kuwa abin da ke nuna musu bai taɓa taka laka ba. In aka ce muku ba ku je ba, kada ku yi rantsuwa, kada ku yi kuka. Ku sa mai maganar a gaba ku kama hanya, ku bar tudu da gangare su yi muku shaida.