Karsanar Inna da Reshen Mangwaro

Ko zan manta komai na zamanmu a Yelwa, ban da ranar da karsanar Inna ta faɗa sabon ramin masai a bayan gidanmu. Ita kaɗai ta rage cikin shanun marigayi Baffa, kuma Inna ta fi yi mata magana a kan yadda take yi mana. Ramin a bushe yake, amma da zurfi.

Kawu Useni, ƙanin Inna, ya zo da fuli, garen ƙarfen nan da makanikai ke zarga wa igiya su ɗaga inji. Ya ɗaure shi a reshen mangwaron da ya ratsa saman ramin. Mutum ne mai tsari, wannan ba zan hana masa ba. Ya ce karsanar nauyin ƙarti uku ce, ya sa ƙarti uku suka rataya. Reshe ya riƙe.

Lokacin ina koyar da kimiyya a sakandare. Na ce, "Kawu, reshen zai ɗauki karsana ta wannan gefe, ya ɗauki jan da kuke yi ta wancan. Mutum shida ke nan."

Ya dube ni da tausayi. "Mu ai a ƙasa muke tsaye, malama."

Na zana masa a ƙasa da tsinke. Ya ce zanen ya yi kyau. Raina ya ɓaci ƙwarai, don in reshen ya karye tana sama, sai dai a kawo wuƙa.

Inna ta ce, "Useni, a gwada da shidan."

Aka samu biyar. Kawu ya cire hula ya cike na shida, ya kama igiyar ya lila tsakiyar ramin don ya nuna mana. Ƙarar karyewar reshen har maƙwabta sun ji. Biyar suka zube kan tarin ƙasa, Kawu kuwa ya sauka cikin ramin gefen karsana, ta shinshine shi.

Aka aro turakun ƙarfe wajen masu haƙa rijiya, aka kafa. Wani ya tambaya wa za a fara fitarwa. Inna ta leƙa ta ce, "Ita ta riga shi shiga."

Har yau Kawu cewa yake gara ce ta ci reshen. Ni dai na koyi cewa abin da aka rataya wa kaya, da kayan da mai ja duk shi ke ɗauka, kuma gara a gwada shi da Kawu kafin a gwada da karsana.