Babban Gwangwanin da Aka Saya Mini a Wadata

Mun tashi daga Dogon Dutsi gari bai gama wayewa ba, ni da wani abokin aikina da muke koyarwa a makaranta ɗaya, kowa a kan baburinsa. Shi sayayya ce za ta kai shi Yamai. Ni kuwa iyalina zan gani. Maiɗakina aikin jinya take yi, an mayar da ita can, ta tafi da yaranmu biyu, kuma rabona da su tun kafin ruwan farko ya sauka. Ranar Lahadin kafin tafiyar na kira waya, uwar ta ce wa autarmu mai shekara uku ta zo ta gaida babanta. Sai na ji yarinyar ta ce, "Wanne? Na cikin waya?" Uwar ta yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Ana gobe tafiya na yi wa sarƙar babur abin da kowa ke yi a garinmu. Na je wurin mai gyara ya ɗebo mini baƙin mai, wanda ake juyewa daga inji, na kwarara mata har tana ɗiga. Mu a wurinmu idan sarƙa ta yi baƙi ƙirin tana walƙiya, to ta ƙoshi ke nan. Ga shi kuma kyauta ne, ba abin da malamin makaranta ke so da ya wuce haka.

Da farko hanya ta yi mana kirki. Gero ya yi tsayi dama da hagu, iska da sanyinta. Kafin Doso muka tarar ana gyaran gudron, wato kwalta, aka karkatar da mu wani ratse na yashi da jar ƙasa. Muna komawa kan kwalta sarƙata ta fara kuka. Abokin tafiyata ya matso kusa, ya ce ashe da makaɗi na taho ban gaya masa ba.

A Doso muka karya da dambu da kopto, zogale ke nan da aka kwaɗa da ƙuli, na dala arba'in ya ishe mu. Da na duƙa na duba sarƙar sai na ga man ya kwashe yashin ratsen nan kaf, ya zama kamar an dama kuka da tsakuwa. Sauran kuma ya fantsama a ƙafar wandon da na goge musamman don yara su gan ni fes. Muka ɗan ɗaure ta, muka ci gaba a hankali, jakuna kaɗai muke wucewa. A Birnin Gaure na sayi rake na ɗaure a baya. A Kure na yi ta baza ido ko zan ga raƙuman dawa in samu labarin ba yara, ban ga ko ɗaya ba.

Bayan azahar muka shiga Yamai, muka rabu da abokina a bakin gari. Bobiyel, unguwar da iyalina suke, ta canza mini. Filin da nake gane kwanar gidan da shi an gine shi, sai da na zaga sau biyu. Kukan sarƙa ne ya yi mini sallama, babban ɗana ya fito a guje ya rungume ni. Autar kuwa ta shige bayan zanen uwarta, ido ɗaya kawai take leƙo ni da shi. Na miƙa mata rake, ta karɓa, ta koma inda ta fito. Ranar nan ba ta yarda na ɗauke ta ba. Ban taɓa jin kewar mutum kamar yadda na ji tata ba, alhali tana gabana.

Washegari maiɗakina ta ce ba zan koma da wannan kukan ba, kada gobe in ce mata babur ne ba lafiya. Na goyo ta muka tafi kasuwar Wadata, muka yi ta kutsawa tsakanin taksi da masu turin kaya har shagon wani dattijo ɗan Tawa mai sayar da kayan babur. Ya duƙa ya dangwalo sarƙar da yatsa, ya murza, ya nuna mini, ya kira ni yadda ake kiran malamin makaranta a wurinmu.

"Mushe, wannan ai niƙa kake yi mata. Baƙin mai ya gama aikinsa a inji, ba abin da ya rage masa sai datti."

Na ce to a ba ni giris. Ya ce giris ba ya shiga cikin gaɓoɓi, a sama yake zama yana tara yashi. Ya fito da abu biyu ya ajiye. Ɗaya 'yar kwalbar man giya ce mai kauri, mai araha, ana ɗiga ta kaɗan kaɗan a goge. Ɗayan na fesawa ne, yana shiga ciki ya bushe, yashi ba ya samun abin kamawa. Akwai ƙaramin gwangwani, akwai babba, kuɗin babban kuwa ba na wasa ba ne.

"Abin ya danganta da inda kake zuwa," in ji shi. "In daga gida ne zuwa lakwal inda kake koyarwa, kwalbar nan ta ishe ka shekara. In kana yawan bin doguwar hanya, sai na fesawa. Kana yawan zuwa Yamai?"

Na kai hannu ga 'yar kwalbar. Maiɗakina ba ta dube ni ba, ta ce, "Baba, ba shi babban." Ita ta biya.

Ranar Lahadi da muka dawo daga majami'a na ɗora babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, na wanke sarƙar da kananzir yadda dattijon ya ce, na bar ta ta bushe. Ina fesawa sai ga autar ta tsuguna kusa da ni. Na ce ta taya ni juya taya. Muka yi ta juyawa tare, ko da aikin ya daɗe da ƙarewa. Da lokacin tafiya ya yi, ta haye kan tanki ta riƙe ƙahon babur da hannu biyu, sai ɓamɓare ta aka yi tana kuka. Ban waiwaya ba har na sha kwana.

A dawowa sarƙa ba ta ce uffan ba, har a cikin ratsen yashin. Abokina ya yi ta zuba labarin cinikinsa duk inda muka tsaya, ni dai to nake cewa. Da la'asar sakaliya na buɗe ɗakina, na tarar da shi yadda na bar shi, kofi ɗaya, kujera ɗaya.

Abin da na koyo game da sarƙa kaɗan ne: a wanke kafin a sa mai, kada a cika, kuma a zaɓa gwargwadon hanyar da ake bi. Gwangwanin yana kan teburina, da nauyinsa. Maiɗakina ta ce duk zuwan da na yi za ta girgiza shi ta ji ko yana raguwa. Na riga na gaya wa shugaban makarantarmu kada ya sa ni a komai ƙarshen watan nan.